Shin shahara ce ta jefa Marilyn Monroe cikin lalurar ƙwaƙwalwa?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk hoton Marilyn Monroe, shahararriyar 'yar fim ɗin Amurka, da mutum zai gani, fara'a ce fal a fuskarta, amma ta rasu a 1962 tana da shekara 36 kacal, bayan ta sha ƙwayoyin barci fiye da ƙima. Tambayata ita ce, shahara ce ta haddasa mata damuwar da ta kai ta ga haka, ko kuwa da lalurarta ta shigo harkar fim? Kuma me ya sa kuɗi da manyan likitoci suka kasa yi mata magani?

Malam Na-Karatu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina Hollywood ta tarar da rauni ne ta fama shi. An haife ta a Los Angeles a 1926 da sunan Norma Jeane, ba ta tashi a gaban uba ba, mahaifiyarta Gladys kuma ta kamu da taɓin hankali mai tsanani tun yarinyar ba ta cika shekara 10 ba, har ta shafe mafi yawan sauran rayuwarta a asibitoci. Daga nan aka yi ta yawo da Norma Jeane tsakanin gidajen riƙo da gidan marayu, kuma ita da bakinta ta ba da labarin cin zarafin da aka yi mata tana ƙarama. Aurenta na farko ma, a 1942 tana da shekara 16, an ƙulla shi ne domin masu riƙonta za su bar jihar, kada a sake mayar da ita gidan marayu.

Wanda ya tashi haka ba ya sakin jiki da kowa, kullum yana jiran ranar da za a gaji da shi. Aurenta da ɗan wasan ƙwallon baseball Joe DiMaggio a 1954 wata tara ya yi. Wanda ta yi da marubuci Arthur Miller ya kai daga 1956 zuwa 1961, kuma a cikinsa ne ta yi ta ɓari alhali tana matuƙar son haihuwa.

Anti Nas:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so a yi hattara da abu ɗaya. Marubuta da yawa sun laƙaba mata sunayen cututtuka daban-daban bayan rasuwarta, alhali likita ba ya tantance ciwon ƙwaƙwalwa daga hotuna da labarin wasu. Abin da ya tabbata shi ne ta yi fama da rashin barci, da fargaba, da matsananciyar damuwa, da kuma dogaro da ƙwayoyi.

Game da tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, maganin zamanin ne ya zama wani ciwon. Ƙwayoyin barbiturate da ake rubuta wa marasa barci a lokacin suna da mugun hali: jiki yana sabawa da su, sai mutum ya riƙa ƙara yawan abin da yake sha, amma adadin da ke tsayar da numfashi ba ya matsawa sosai, don haka tazarar da ke tsakanin barci da mutuwa sai ta yi ta raguwa, musamman idan giya ta shiga. Likita fiye da ɗaya ne ke rubuta mata magani. Haka 'yar fim kuma mawaƙiya Judy Garland ta ƙare a Landan a 1969, ita da aka saba mata da ƙwayoyi tun tana yarinya a harkar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Fabrairun 1961. Likitarta ta kai ta asibitin Payne Whitney a New York, ta shiga da zaton hutu za ta yi, sai ta tsinci kanta a ɗaki a kulle cikin sashen masu taɓin hankali. Ki tuna cewa wannan mace ce da ta rayu cikin tsoron kada ta gaji mahaifiyarta. Sai da DiMaggio, tsohon mijinta, ya zo ya fitar da ita bayan 'yan kwanaki.

Ɗan Kallo:
Anti, ni ban yarda a wanke kamfanonin fim ba. Sun ɗaure ta a matsayin kyakkyawa marar wayo, suna biyanta ƙasa da abokan aikinta, har ta kafa nata kamfanin a 1955 ta koma New York koyon wasan kwaikwayo wajen malamin wasan nan Lee Strasberg. Da rashin lafiya ya sa tana makara ko fashin aiki, kamfanin Fox ya kore ta a Yunin 1962, wata biyu kafin rasuwarta. Kuma ai ana cewa kashe ta aka yi saboda alaƙarta da gidan Kennedy, wato dangin shugaban Amurka na lokacin.

Malam Na-Karatu:
Kan batun kamfanoni ina tare da kai, ƙanena, amma zancen kisa jita-jita ce. Binciken gawa ya nuna ƙwayoyi ne, hukuma ta ce bisa dukkan alamu ita ta kashe kanta, kuma da ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles ya sake duba lamarin a 1982 bai sami hujjar kisa ba.