Shin kalmar "bandit" tana rage girman laifin 'yan bindiga?

Malam Habibu, Gusau: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana, jaridun Turanci na ƙasar nan suna cutar da mu da kalmar "bandit". Wanda ya tare hanya ya ƙwace babur, bandit. Waɗanda suka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, bandit. Waɗanda suka harbo jirgin yaƙi a Zamfara a Yuli 2021, su ma bandit. Ɓarawon shanu da mai harbo jirgi su ci suna ɗaya? Mai karatu a Legas sai ya ɗauka ƙananan ɓarayi ne ke damun mu.

Hajiya Rabi, Kano: Malam Habibu, ɗan jarida ba alƙali ba ne. Sai a Nuwamba 2021 Mai Shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta wallafa hukuncin a Janairu 2022. Kafin nan da wane suna kake so a kira su?

Malam Habibu: To Hajiya, bayan hukuncin me ya sauya? An kwashe yaran Kuriga a Maris 2024, kanun labarai da dama suka sake cewa "bandits".

Auwalu, Zariya: Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma ni ina ganin bambancin yana da amfani. Boko Haram da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga cikinta, aƙida suke da'awa, hukuma suke son kafawa. Irin su Bello Turji kuwa abin ya taso ne daga satar shanu, rikicin makiyaya da manoma, ramuwar gayya tsakaninsu da 'yan sa-kai, sannan kuɗin fansa ya mayar da shi sana'a. In aka haɗa kowa a suna ɗaya, za a ba su magani ɗaya, alhali ciwon ba ɗaya ba ne. Inda na yarda da kai shi ne gaggawar liƙa sunan. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, tun a daren aka ce bandits ne, daga baya gwamnati da kanta ta ce da hannun Boko Haram.

Malama Zainab, Jos: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wurin da abin ya faru ke raɗa sunan, ba aikin da aka yi ba. A kashe mutane a Zamfara, "bandits". A Binuwai ko Filato, "herdsmen", a shafa wa duk makiyayi kashin kaji. A Imo kuwa "unknown gunmen". Bindiga iri ɗaya ce, gawa kuma gawa ce.

Hajiya Rabi: Wannan kam gaskiya ce, Malama. Shi ya sa na fi son yadda sassan Hausa na kafafen yaɗa labarai ke cewa 'yan bindiga, ba su yanke hukunci ba, abin da aka gani suka faɗa.

Malam Habibu: Auwalu, ɗana, dalilin da ya sa mutum ya ɗauki bindiga bai dami wanda aka ƙona wa rumbu ba. Wanda ke sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi, yana naɗa mai gari, wannan mulki yake yi. In ba za su rubuta ɗan ta'adda ba, su rubuta sunan jagoran dabar da dajin da yake zaune. Mutanen Shinkafi da Zurmi duk sun san su.