Me ya sa ma'aikatan otal suka fi rawar jiki kan Bature?

Bakon_Teku:
Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. A manyan otal-otal na shaƙatawa na bakin teku, irin na Zanzibar ko Mombasa, ma'aikacin baƙar fata ne kamar ka, amma Bature na shigowa sai a yi caa a kansa, wannan ya karɓi jaka wancan ya ja kujera, kai kuwa da ka biya kuɗin ɗaki iri ɗaya maigadi ya tare ka a get yana tambayar wajen wa ka zo. Raini ne ko me?

Tsohuwar_Weta:
Wslm ɗan'uwa. Ni na yi aikin, wlh ba duka ne raini ba. Albashin bai taka kara ya karya ba kuma aikin na lokaci ne, baƙi na ɗaukewa a sallame ka, to tukuici ne rufin asirinka. Ga manaja kullum idonsa na kan TripAdvisor, shafin intanet da baƙi ke rubuta ra'ayinsu kan otal, baƙo ɗaya ya rubuta ka ɗaure masa fuska shikenan ka shiga uku. Kuma murmushin nan akwai ciwo a ƙarƙashinsa, wani da ƙyasta yatsa zai kira ki, wata ta taɓa miki kitso ko ta ɗauke ki hoto babu izini, dole ki haɗiye.

Malam_Tarihi:
Gaskiyarki baiwar Allah. Ku dubi Gambiya, tun 1965 da 'yan Suwidin suka fara zuwa yawon buɗe ido, harkar a hannun kamfanonin Turai take, su ke cika jirgi su cika ɗakuna. A 1999 gwamnati ta hana tsarin nan na biyan komai a dunƙule tun daga Turai, saboda kuɗin ba ya isa ga mutanen gari, ba a daɗe ba ta janye don matsin lamba. Da Thomas Cook, kamfanin Birtaniya mai kawo 'yan yawon buɗe ido, ya durƙushe a 2019 ma'aikata ne suka fi ji a jikinsu. Wanda ke kawo baƙi shi ke faɗin wa za a lallaɓa.

Ummu_Haidar:
Na yarda, amma Malam maigadin fa? Shi ba tukuici yake jira ba, koya masa aka yi cewa baƙin mutum a wurin ko ma'aikaci ne ko mai talla, abin nan na ƙona min rai sosai. A Afirka ta Kudu har doka aka yi a 1953 ta raba wuraren jama'a tsakanin farare da baƙaƙe, daga baya har da bakin teku, sai 1990 aka soke ta, amma tunanin bai fita daga kawuna ba. Mai tambaya, in ya sake faruwa kar ka huce a kan maigadi, ka nemi manaja ka tambaye shi wa ya ba da wannan umarnin.