Kofaton dokina ya tsage, ga Babbar Sallah saura mako 5

Mai Bidi, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu doki. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Dokin nan ba ni na saye shi ba. Marigayi mahaifina ne ya je har Maigatari wata Alhamis ya taho da shi, yana ɗan shekara 3, yanzu shekararsa 9. Bidi ne, ba shi da jiki sosai amma akwai zuciya. Da shi Baba yake hawa bayan hakiminmu duk Sallah, har shekarar da ciwo ya kwantar da shi. Da aka zo rabon gado baffana ya ce a sayar a raba kuɗin, ni kuma na ce a sa shi cikin kasona, har babur na bar wa ƙannena saboda shi. Tun daga nan ake yi mini kallon wanda ya ɗauko wa kansa jidali. Hajiya ba ta taɓa cewa komai ba, amma duk ranar da na shigo da daurin harawa sai ta bi ni da ido.

To kwana 10 da suka wuce ina wanke masa ƙafa na ga tsaga a kofaton ƙafar gaba ta dama. Farcena yana shiga ciki. Tun da yake ba a taɓa sa masa takalmi ba. Ina shafa man kaɗanya safe da yamma, amma kamar ƙaruwa take yi. Na riga na faɗa wa mutanen hakimi zan hau bana, har an ɗinka kaya. Me zan shafa ta haɗe kafin Sallah? In dokin nan ya lalace a hannuna ban san da wane ido zan kalli mutanen gidanmu ba.

Ɗan Kilisa:
Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Tsagar daga ƙasa ta taso ko daga sama wajen gashi? Yana ɗingishi? Yaushe rabon da a yanke masa kofato?

Baban Barga:
Yaro, kwantar da hankalinka, wannan ba komai ba ne. Shekara 40 ina cikin dawaki, irin wannan na gani ba adadi. Ka samo maƙeri ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a ja layi a kwance daidai inda tsagar ta tsaya, ta nan za a tare ta ba za ta ƙara hawa ba. Sannan ka samo baƙin mai wajen bakanike ka cika ramin, kullum. Ka sa masa kanwa a ruwan sha. Mako 2 ka zo ka ba ni labari. Man kaɗanya na faso ne, ba na kofato ba.

Mai Bidi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan Kilisa, daga ƙasa ta taso, ta kusa kai rabi. Ɗingishi kam ba zan ce yana yi ba.

Malamar Dabbobi, Samaru:
Ƙanena, bari in gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Babu abin da za ka shafa tsagar nan ta haɗe. Bangon kofato kamar farce ne, wanda ya riga ya fito ba ya warkewa, sai dai sabo ya tsiro daga sama, wajen bakin gashi, ya turo tsohon ƙasa a yanke. Kuma a wata guda milimita 6 zuwa 10 kawai yake tsirowa. Kafin kofato ya sauya gaba ɗaya sai an yi wata 9 zuwa shekara. A mako 5 ɗinka kusan santimita 1 za a samu.

Abin da za a iya yi yanzu shi ne a hana ta ci gaba. Tsagar da ta taso daga ƙasa, mafi yawa kofato ne ya yi tsawo ya baje, duk takun da dokin ya yi sai ƙasa ta ɓamɓari bakin, tsagar ta ƙara buɗewa. Maganin a yanke tsawon, a daidaita gefe da gefe, a goge bakin da magagari ya yi zagaye, a ɗan rage wajen tsagar kada ya riƙa ɗaukar nauyi. Sai a maimaita duk mako 4 zuwa 6. Da girmamawa ga Baba, kada ka sa baƙin mai. Datti ne da gurɓataccen ƙarfen inji, kuma zai rufe ƙwayar cuta a ciki. Wutar ma akwai haɗari, don kaurin bangon bai wuce kamar santimita 1 ba a gaba, a gefe bai ma kai ba, bayansa kuwa nama ne mai jini. Har yanzu ba ka amsa ba: yaushe aka yanke?

Mai Akawal, Katsina:
Yankan kofaton ma ai sai an yi dace. Ni bara na kira wani da aka yabe shi, ya zo da wuƙa ya zabge wa akawal ɗina har sai da jini ya tsattsafo, doki ya yi wata 2 yana taka ƙasa kamar mai taka ƙaya. Da na yi magana cewa ya yi wai dokin ne mai laushin kofato. Kuma kuɗinsa ya karɓa cif. Kafin wannan ma wani dillali ya taɓa sayar mini da godiya an cika tsagar kofatonta da gam da toka, an bi da man takalmi baƙi ya yi sheƙi. Sai da aka yi ruwan farko abin ya ɓare, na ga rami da wari. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutane ba sa tsoron Allah a harkar nan.

Mai Bidi:
Malama, kusan wata 7 kenan. Amma ba sakaci ba ne. Tsohon da yake yanka wa Baba ya daina fita, ni kuma irin abin da Mai Akawal ya faɗa nake tsoro. Kuma ai yana tafiya a kan kwalta, kwalta tana cin kofato da kanta. Kusan duk Asabar ana ɗaukarsa hawan angwanci, da kuɗin nake saya masa dusa.

Baban Barga:
Ka ji ko? Yaron ya fi ku gaskiya. Dawakin iyayenmu wa ya riƙa bin su da magagari duk wata? Har Borno aka je a kansu aka dawo. Yanzu kowa ya karanta takarda sai ya zo ya ce baƙin mai guba ne. Ni da hannuna na tare tsaga da wuta a kan kili na wani basarake, ya yi Hawan Daushe lafiya ƙalau. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Yaron Polo, Kaduna:
Ni dai a wajenmu da an ga haka takalmi ake bugawa mai 'yan harsuna a gefe su riƙe bangon, tsagar ta daina motsi. Wani lokaci a ɗinke ta da waya a shafe da gam na musamman. Ku bar wahalar da kanku.

Ɗan Kilisa:
Takalmi a kan kwaltar cikin gari ranar Sallah, da zamiya? Santsi zai kwashe shi. Kuma ƙusa a bangon da ya riga ya tsage, in ba gwani ba ne ya buga, ƙara ɓarna ce.

Malamar Dabbobi:
Dawakin da, Baba, yini suke suna tafiya a kan yashi da burji, kofato yana cinyewa daidai da tsirowarsa. Na yanzu kwana 6 a turke, rana ɗaya a kwalta. Kwalta tana ci, amma ba ta daidaitawa. Maganar takalmi ba laifi ba ce in tsagar ta yi zurfi, sai dai ba a rufe tsaga da gam sai an tabbata ba mugunya a ciki.

Ƙanena, ina yake tsayawa? Ruwa ya fara sauka, kofaton da ya bushe ƙamas tun hunturu yanzu yana jiƙa yana bushewa, wannan kumbura da motsewa yana buɗe tsaga. Fitsari da kashi kuma suna cin kofato. Sannan dusa zalla ba ta gina shi, sinadarin fosfarasta ya yi yawa, kalsiyam kaɗan, harawar wake ko ta gyaɗa ce ke cike gurbin. Akwai biyotin, wani nau'in bitamin da ake ba doki, kamar miligiram 20 a rana, amma a sabon tsiro kaɗai ake ganin amfaninsa, bayan watanni.

Gobe da asuba ka dafa kofaton da tafin hannunka, ka dafa ɗaya ƙafar, ka ji ko akwai wanda ya fi zafi. Ka sa yatsa a bayan gaɓar da ke saman kofato, in jijiya tana bugawa da ƙarfi akwai ciwo a ciki. Ka ɗaga ƙafar ka kankare ƙasan, ka duba farin layin da ke tsakanin bango da tafin. In ya zama gari-gari ko baƙi mai wari, cuta ta shiga. Kana Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai.

Mai Bidi:
Turken yana inda Baba ya kafa shi, kusa da magudanar tsakar gida. Ruwan wanki yana ɗan taruwa amma ba sosai ba, kuma shekara 6 yana wurin bai taɓa tsagewa ba. Ba zan iya tumɓuke turken Baba ba, Hajiya ba za ta ji daɗi ba. Harawa kuma kun san tsadarta a wannan lokacin. Maganar zafi, na taɓa ɗazu, akwai ɗan ɗumi, amma rana ce. Da safe yakan ɗan ɗaga ƙafar in ya fara tafiya, in jiki ya saki sai ya daina. Shi ya sa na ce ba ɗingishi ba ne.

Malamar Dabbobi:
Wannan ɗingishi ne. Don Allah ka soke hawan Asabar ɗin nan, ka matsar da shi busasshen wuri ko da yashi za ka zuba, a kawo wanda zai duba. An taɓa yi masa allurar rigakafin sarƙe-haƙora? Doki yana cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kamawa, kuma ta ciwon kofato take yawan shiga.

Baban Barga:
Za ku tsorata yaro a banza. Ɗumi ai kowane doki yana da shi. Yaro, ka yi abin da na ce, in ka ga ba daidai ba ka kira sunana a nan gaban kowa.

Mai Akawal:
Nawa ma da ɗan ɗumin nan ya fara.

Mai Bidi:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Asabar ɗin nan na riga na karɓi kuɗin mutane, ba yadda zan yi, amma zan ce a tafi da shi a hankali ba sukuwa. Baba, maƙerin unguwarmu ya ce zai zo ranar Lahadi, sai dai ban yanke shawara ba tukuna. Malama, rigakafin ban sani ba ko marigayi Baba ya taɓa yi masa. Wani ya ce mini akwai allurar da ake yi wa doki da safen hawa ya daina jin zafi har yamma. Akwai wanda ya san sunanta?

Ɗan Kilisa:
Ka turo hoton ƙasan kofaton tukuna.