Neman shawara: ɗalibaina na son ƙera na'urar gwada ruwa, amma wa za ta amfana?

Malamar kimiyya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ke kula da ƙungiyar kimiyya a makarantarmu ta sakandare. Bana an ce duk aikin da ɗalibai za su kai baje koli sai ya taɓa wata buƙata ta al'umma, kuma ya duba marasa ƙarfi. Yarana sun zaɓi ruwan sha. Suna son haɗa na'ura da Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa manhaja) wadda za a tsoma a ruwa ta aika sakamako zuwa manhaja a waya. Labarin Gitanjali Rao ne ya zaburar da su, yarinyar nan ta Amurka da ta ƙera na'urar gano dalma a ruwa a 2017 tana da shekara 11, bayan da dalma ta gurɓata ruwan garin Flint. Damuwata ita ce gidajen da suka fi shan gurɓataccen ruwa su ne ba su da babbar waya. In hana su ne, ko in bar su? Ba na son in kashe musu gwiwa.

Injiniyan lantarki: Wa alaikumus salam Malama. Kafin maganar waya, ki fara duba abin da na'urar za ta auna. Mai araha da yara suka fi saye, wadda ake kira TDS, gishiri da ma'adanan da suka narke a ruwa take aunawa. Ba ta ganin ƙwayoyin cuta ko kaɗan. Ruwa na iya ba da lamba mai kyau alhali yana ɗauke da abin da ke kawo gudawa ko taifot. Idan yara suka faɗa wa uwa cewa ruwanta lafiya lau ne bisa wannan lamba, sun cutar da ita ba su sani ba.

Ma'aikaciyar lafiya: Gaskiyar Injiniya ce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli, ƙwayar cutar da ke cikin najasa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma wannan sai an ba ƙwayoyin lokaci sun hayayyafa ake ganewa. Akwai ƙananan kwalaben gwaji na H2S: a zuba ruwan a ajiye, in ya koma baƙi cikin kwana 1 zuwa 2, alama ce ta najasa ta shiga. Su haɗa da tsaftace ruwa da rana, wato SODIS, wanda cibiyar Eawag ta Suwizalan ta yaɗa. Gorar roba mai haske da ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6, in akwai hadari sosai kwana 2. Sai dai ruwan ya kasance garau, kuma rana ba ta cire dalma ko wani sinadari. Su gwada ruwa ɗaya kafin shanyawa da bayanta. Wannan cikakken bincike ne, kuma talaka zai iya maimaita shi da hannunsa.

Tsohon shugaban makaranta: Ƴata, ni abin da na fi so ki yi shi ne ki fitar da yaran daga aji tun ba su sayi ko waya ɗaya ta wuta ba. Su je su zauna da masu ɗebo ruwan, galibi mata da ƴan mata, su tambaya su kuma saurara. Wataƙila su ji cewa nisa ne matsalar, ko layi, ko mazubin da ake ajiye ruwan a gida. Ki ba su labarin PlayPump, famfon lilo da aka fara a Afirka ta Kudu, wai yara na wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 an yi masa alƙawarin miliyoyin daloli. Daga baya aka tarar a wurare da dama mata ne ke tura lilon da ƙarfin tsiya idan yara ba sa nan, in ya lalace kuma gyaransa ya gagari mutanen gari. Masu ilimi ne suka tsara shi, tambayar masu amfani da shi ce ta yi ƙaranci.

Ɗalibin jami'a: Baba, na yarda, amma don Allah kada a raba su da lantarkin. Shi ne abin da ya ja su, kuma ɗan talaka ma yana da haƙƙin koyon rubuta manhaja. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya kawo wuta gidansu, bayan rashin kuɗi ya fitar da shi daga makaranta. A cire wayar hannun kawai. Su yi na'ura mai auna dagulewar ruwa, fitila ja da kore, ta nuna ko ruwan ya yi garau ɗin da za a iya shanya shi ko sai an tace. Ba ta buƙatar intanet, ba ta buƙatar iya karatu.

Malamar kimiyya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan haɗa shawarar ɗan'uwana ɗalibi da ta Sista, ziyarar da Baba ya ce kuma ita ce farko. Saura tambaya ɗaya: idan kwalbar wata rijiya ta yi baƙi, me za mu yi?

Ma'aikaciyar lafiya: Ku sake gwadawa tukuna, domin gwajin yakan yi kuskure. In ya maimaita, ke da kanki za ki sanar da mai rijiyar a keɓe, sannan jami'in tsaftar muhalli na yankin don a yi gwaji na ɗakin bincike. A allon baje koli ku sa lambobi a madadin sunayen gidaje, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Kuma bayan an gama gasar, yaran su koma su faɗa wa mutanen abin da aka samu, da yaren da suke ji.