Tambaya: tsara waƙoƙin Yahudawa ga muryoyi huɗu

Ɗan Maiwurno:
Assalamu alaikum. Mu ɗaliban kiɗa ne huɗu, maza biyu da mata biyu, da yaƙi ya raba mu da Khartum muka sake haɗuwa a Kassala. Malaminmu ya ba mu aiki a kan waƙoƙin al'ummomin da suka taɓa zama a Sudan, ni kuma Yahudawan Umdurman da Khartum suka faɗo a rabona, waɗanda suka gina majami'arsu a Khartum a 1926, suka watse bayan samun 'yancin kai a 1956. Ba mu da kayan kiɗa sai muryoyinmu. Ina za mu sami nota, wato rubutaccen kiɗa, da aka riga aka tsara wa mutum huɗu?

Malama Hauwa, Gadarif:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da Salamone Rossi, Bayahuden Mantuwa ta Italiya, wanda aka buga waƙoƙinsa na Ibrananci 33 a Benis wajen 1623, daga masu muryoyi uku zuwa masu takwas. Sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet. Ka nemi bugun da aka rubuta lafazin da haruffan boko, domin Ibrananci daga dama yake tafiya kamar Larabci, nota kuwa daga hagu.

Baba Isa mai ud (garayar Larabawa):
Malama, a gafarce ni, amma Rossi kunnen Italiya gare shi, alhali yawancin Yahudawan Sudan daga Masar da Sham da Iraƙi suka zo, kuma rerawarsu a kan maƙam take, wato tsarin sautukan kiɗan Larabawa, murya ɗaya ce jama'a ke bi. Idan aka ɗora wa maƙam irin Bayati ko Sika muryoyi huɗu irin na Turai, rubu'in sautin nan, wato 'yar ƙaramar tazarar sauti da ke ba shi daɗi, shi ne zai fara mutuwa, na gwada da kaina na ji yadda waƙar ta koma lami. Shawarata ita ce ku tsara da kanku: ku ɗauko kari daga tarin waƙoƙin Yahudawa na Abraham Idelsohn, juzu'i 10 da suka fito tsakanin 1914 da 1932, namiji ɗaya ya riƙe sautin tushe a ƙasa ba ya motsi, mace ɗaya ta ja baiti, sauran biyu su yi amshi. Wannan ai ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana jin 'yan amshi. Wahalarku ta gaskiya ita ce kunnenmu ya saba da khumasi mai sautuka biyar, don haka ku fara da maƙamin Hijaz.

Malama Hauwa:
Na karɓi gyara, Baba. Abu ɗaya zan ƙara: yawancin waɗannan waƙoƙi addu'o'i ne, kuma masu riƙo da addini a cikinsu ba sa furta sunan Ubangiji a wajen ibada, sai su ce Hashem, wato Sunan. Ku bi hakan.

Ɗan Maiwurno:
Na gode, iyayena. Za mu gwada tsarin Baba ranar Alhamis, wanda ya fi mu kaurin murya shi zai riƙe tushe.