Masu ƙaramin dam na ƙasa a gona, me kuka gani?

Mai Lambun Mangwaro: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gonar da muka gada tana da ɗan dam na ƙasa da marigayi Baba ya tare rafi da shi don noman rani. Ni so nake in gyara bakin ruwan, in zuba kifi, in kafa rumfuna da kwale-kwale ɗaya, iyalai su riƙa zuwa shan iska ranar hutu da lokacin sallah. Sai dai akwai wani wuri a bayan bangon da ba ya bushewa ko da bazara, kuma ƙasa da mu akwai gidaje da fadamar mutane. Akwai takardar da ake nema? Wanda ya taɓa riƙe irin wannan ya ba mu labari.

Tsohon Injiniya: Wa'alaikumus salam. Alhaji, bar maganar rumfa tukuna. Ɗauki kofin gilashi ka je wurin nan mai danshi, ka ɗebi ruwan, ka ɗaga shi a rana. In garau yake kuma ba ya ƙaruwa, da sauƙi, kusan kowane bangon ƙasa yana ɗan tsattsafo. In kuwa ka ga ja-ja, ko laka ta kwanta a gindin kofin, ƙasar bangon ce ruwan ke kwashewa, rami na faɗaɗa a ciki ba ka gani. Wannan ba a kwana da shi: a rage ruwa, a kira wanda ya san aikin. Kada wani birkila ya ce zai liƙe da siminti, ruwan wata hanya zai nema. Yashi da tsakuwa ake shimfiɗawa, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya.

Sai magudanar rarar ruwa. Da zarar ruwa ya hau kan bangon ƙasa, zaizaye shi zai yi har ya tsaga. Mu da muka ga fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba ma wasa da wannan. Shi fa gwamnati ce ta gina, har da otal a bakinsa.

Tarwaɗa Sana'a: Maganar magudana ta tuna min. Maƙwabcina ya ɗaura ragar waya a bakin tasa don kada kifi ya gudu. Wani dare a Agusta aka kwana ana ruwa, rafi ya kwaso karan dawa da ledoji da rassan itace, duk suka maƙale a ragar. Da muka iso da tocila, tazarar ruwa da saman bango ba ta kai taƙi ɗaya ba. Yara biyu suka shiga ruwa iya ƙirji da adda suna saran wayar. Kifi ya tafi, har a gonakin mutane aka riƙa tsintar tarwaɗa da safe, amma bango ya tsaya. In dole sai ka sa raga, kafa ta nesa, a cikin tafkin, ba a wuyan magudana ba.

Hajiyar Kiwo: Namu abokan gaba uku ne: gara, burgu da shanu. Suri ɗaya a jikin bango, ƙarƙashinsa duk hanyoyi ne. Shanu kuma in sun saba sauka ta wuri guda sai su fafe shi. Mun zauna da Arɗo, muka ware musu mashaya can gefe da dutse, tun daga nan ba mu sake rigima ba. Kuma don Allah Alhaji kada sha'awar inuwa ta sa ka dasa darbejiya a kan bango. Ciyawar kiri-kiri ta wadatar.

Mai Lambun Mangwaro: Hajiya, ai akwai manyan darbejiya uku a kai tun zamanin Baba. In sare?

Tsohon Injiniya: Ƙananan ka cire. Manyan kada ka sare ka bar kututture, saiwar za ta ruɓe ta zama bututu. Sai an rage ruwa, a tone saiwar, a cike da yumɓu ana dannewa hawa-hawa. Aikin Maris da Afrilu ne, ba na bayan an yi shuka ba.

Ɗan Fadama: Ni daga ƙasa nake magana, mu ne ruwan ke samu. Wani mai dam a samanmu ya tsorata da cika, ya buɗe bututu tsakar dare bai faɗa wa kowa ba. Tumatir da albasa da injin ban ruwa, duk suka tafi. Da rani kuma ya riƙe ruwan ƙam, sai mun haƙa rijiya a cikin yashin rafi. Yallaɓai, ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka karɓi lambobin mutanen ƙasa. Ambaliyar da ta sami Maiduguri daga dam ɗin Alau a Satumban 2024 cikin dare ta zo.

Ma'aikacin Sakatariya: Kan takarda: dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya, kuma NIWRMC, hukumar tarayya mai kula da albarkatun ruwa, ita ce ke ba da lasisin amfani da ruwa. Ka fara da ma'aikatar ruwa ta jiharka, in kana Kano ko Jigawa ka leƙa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, suna da injiniyoyi. Lokacin da na bi wa yayana, daga wannan tebur zuwa wancan aka riƙa tura ni, kuma har yau ba wanda ya zo ya duba bangon. Amma ranar da ruwanka ya ci gonar wani, kai za a kira, ba tebur ba. Ka biya injiniya ya rubuta maka rahoto, ka adana.

Uwar Biyu: Kowa na ta bango, ba wanda ya ce yara. A garinmu da sallah aka ciro yaro daga irin wannan ruwa, wurin da ko kan babba bai kai ba, laka ce ta riƙe masa ƙafa. In za ka karɓi kuɗin shiga, to ka ɗauki masunci wanda ya iya ruwa ya zauna a bakin, rigar ruwa ga duk mai hawa kwale-kwale, igiya da jarka a rataye kusa. Wanka kuma a hana, ko don tsargiya. Ni dai in babu waɗannan, nawa ba za su zo ba.