Shin da gaske Mak 4 ba ta kuskure?

Tsohon Saje: Na faɗa, zan kuma maimaita. A duk bindigogin da na riƙe a bakin aiki, babu mai kai harsashi inda ido ya nufa kamar Mak 4, wato Lee-Enfield ta Ingila mai cin harsashi goma na .303 (lambar kaurin harsashin ke nan). Ba ta kuskure. AK-47 kuwa feshi ce kawai.

Ɗan Maharba: Baba Saje, Allah ya ƙara girma, amma "ba ta kuskure" ɗin nan ya yi yawa. Katakon da ya rungume bututunta ai shi ne lagonta. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya saki, sai saiti ya gusa. Shi ya sa masu sha'awarta a Ingila da Amurka ke ɓata kwanaki suna gyara kwanciyar bututun a cikin katako.

Tsohon Saje: Ɗana, bututunta santimita 64 ne, na AK bai kai 42 ba. A mita 300 ka jera su ka gani.

Injiniya: A nan kam Baba ya fi gaskiya. Sai dai rabin aikin na harsashi ne. Masu sake cika kwanson harsashi da albarushi a Amurka, inda doka ta yarda, kukansu ɗaya: makullin da ke toshe harsashi a cikin Mak 4 daga baya yake kamawa, don haka kwanson yakan miƙe, bayan 'yan cikawa kaɗan ya tsage.

Jikan Kano: Ni abin da ya dame ni harsashin ne kansa. Kakana ya yi lebura a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila, ya ga jiragen yaƙin Ingila, Hurricane, da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana suna sauka shan mai, su wuce Maiduguri zuwa Masar. Har ya rasu yana ba mu labarin ƙararsu. Na farkonsu bindiga takwas suke ɗauka, duk masu cin .303 irin na Mak 4, amma suka riƙa shan wahalar kayar da jiragen Jamus masu sulke, har aka koma manyan bindigogi na milimita 20.

Tsohon Saje: Wannan zancen ƙarfi ne, ba na saiti ba. Kada a haɗa. Dakarun sintiri na arewacin Kanada tun 1947 suke riƙe da Mak 4 a cikin ƙanƙara, sai 'yan shekarun nan suka sauya. Da tana ba su kunya za su riƙe ta haka?

Ɗan Maharba: Don ba ta cijewa a sanyi suka riƙe ta, Baba, wannan na yarda. Maganar katakon fa har yanzu ba ku amsa min ba.